Littafin Margaret

Litinin, 3 ga Fabrairu, 2014
Birmingham. Ɗakin adana tsofaffin takardu kwana uku kawai yake buɗewa a sati yanzu. Can na haɗu da wata dattijuwa, Margaret. Shekara ashirin da shida tana aiki a wurin kafin council, wato hukumar birnin, ta sallame ta bara, amma har yau tana zuwa. Na ce mata bincikena a kan wani tsohon jirgin ruwan yaƙi ne, irin mai tafiya da iska, wanda ya yi sintiri a gaɓar Afirka ta Yamma. Da na faɗi sunansa sai ta cire tabarau. Kakan kakanta ya yi aiki a cikinsa.

Alhamis, 20 ga Fabrairu
Ta ara min littafinta na rubutun hannu. Komai game da jirgin na ciki: shekarar da aka ƙera shi, igwa talatin da shida, karo biyu da Faransawa, jiragen bayi bakwai da ya kama, zazzaɓin da ya cinye rabin mutanensa. Da ya tsufa aka mai da shi kurkuku a bakin teku, a ƙarshe aka farfasa shi. "Shekara goma sha ɗaya ina haɗawa," in ji ta.

Laraba, 12 ga Maris
Na gabatar da bincikena a taron seminar na jami'armu. An tafa min sosai. Supervisor, malamin da ke duba aikina, ya tambaya yadda na gano shekarun kurkukun, tunda ba wanda ya taɓa rubuta su. Na ce, "Na daɗe ina tono."
Sai na hango Margaret a layin baya, kwat ɗinta a jiƙe. Ni da bakina na faɗa mata ranar. Ita ma ta tafa.

Alhamis, 13 ga Maris
Ban fita daga gida ba.

Juma'a, 21 ga Maris
Kati daga Margaret ya iso gidana a unguwar Withington. "Ka iya magana, Rabi'u. Na yi kuskure a shafi na arba'in, 1838 ne, ba 1836 ba. Gyara kafin wani ya gani." Shi ke nan. Da ma zagina ta yi.

Asabar, 5 ga Afrilu
Jiya na faɗa wa supervisor gaskiya. Babi na uku na kundin digirina sai an sake shi, kuma maganar za ta je gaban kwamiti.
Ina cikin jirgin ƙasa. Littafin kawai zan mayar mata, haka na ce wa kaina. Amma shafin farko na sabon babin yana jakata, sunanta a sama da nawa. Ban san me zan ce ba idan ta buɗe ƙofa. Saura minti goma mu shiga Birmingham.