Kujerar Da Ban Samu Ba

Zuwa ga Yayata,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da yara. Ya ƙafar maigidan, ta saki?

Na gode da rakiyar asibiti. Tun da na rasa jaririna ban ji ina son zuwa ko'ina ba, sai da na leƙa ɗakin nan da masu ciwon damuwa ke zama a kewaye, kowa ya amayar da abin da ke cinsa. Kujerun roba ne, fankar sai kuka take kamar tsohuwar akuya, amma har dariya na jiyo. Malamar da ke jagorantar zaman ta ce kujerun kaɗan ne, shi ya sa suke tantance wanda zaman zai fi yi wa amfani: mai iya buɗe baki cikin mutane, wanda kuma yake da mai tsaya masa a gida. Da ta ce in fita za ta gana da ke, hankalina kwance yake. Har na fara gwada maganata a gaban madubi, ni da kuke kira bebiya.

Taki har kullum,
Auta

Yaya,

Ina gaishe ki, don haka aka raine mu. Ina fatan kowa lafiya.

Ba a ɗauke ni ba. Da na koma neman dalili, malamar ta faɗa mini, don ta ɗauka da sanina ne, cewa kin ce mata taron baƙi ƙara birkita ni yake yi. Yaushe kika taɓa ganina cikin baƙi? Inna ce ta yi suɓutar baki, wai tsoro kike kada in faɗa wa bare cewa ke kika ce in bar zazzaɓin yaron zai sauka da kansa. Wallahi ban yi niyyar ambatonki ba. Yarona kawai nake son in ambata, a wurin da ba za a ce mini in yi haƙuri in yi shiru ba. Raina ya ɓaci, Yaya, don ke ce bangon da na jingina da shi.

Za a sake ɗiba bayan watanni. Malamar ta tambaye ni wa zai tsaya mini daga gida, na ce ba ni da kowa. Ta gargaɗe ni cewa wannan amsar tana iya sa a sake tsallake ni. Na ce mata na ji, amma ba ni da wata.

A gaida yara.

Ƙanwarki,
Auta