Dambun da Liza ta ƙi karɓa

Laraba da dare, Moss Side

Yau Liza ta zo, 'yar jaridar nan 'yar Filifin, don jin ta bakina kan laburaren da kansil, wato ƙaramar hukuma, ke son rufewa, inda nake aron littattafan soyayya. Na yi ta zuba har da ƙarin gishiri.

Na ƙunsa mata dambun nama, ta ƙi karɓa. Wai a ƙasarsu ta ga yadda kyauta ke lanƙwasa labari. In ta ci, dole ta yi mini kara. Na ɗan ji haushi.

Sai ta duba takardarta. "Da gaske kullum kike zuwa?"

"To... ranar Asabar dai."

Ta gyara. Na ji kunya, amma yanzu raina fes. Ko Umma aka karanta wa, ba ta kama ni da ƙarya.