Sun Cire Sunanka

Assalamu alaikum, ɗana. Ina gaishe ka a makwancinka, Allah ya haskaka maka shi. Na san takarda ba ta shiga kabari, ba kuma mai karanta maka. Ni ke faɗa, Malama Rabi maƙwabciyarmu ke rubutawa, mun kuma tura ƙofa, don yanzu ko tari na yi sai na waiga.

Gida lafiya lau. Matarka Hinde ta gama takaba, ta koma wurin iyayenta can ƙauyen Mazanya da yaran. Ƙaramin ya fara tafiya, ƙafarshi irin taka. Babur ɗinka na nan zaure, ba wanda ya taɓa shi. Shingen bakin iyaka inda aka harbe ka yana nan inda ka san shi, masu kakin ma su ne dai.

Ga abin da ke cina. Bayan rasuwarka wasu mutane sun zo daga birni cikin farar mota, mace da namiji. Suka ce gwamnati ta sa hannu a wata yarjejeniya da ƙasashen duniya, cewa ba za a kashe talaka a banza ba. Lokaci-lokaci takan rubuta rahoto ta kai can ƙasar Turawa, ta ce komai lafiya. Su kau nasu rahoton suke haɗawa daban, na abin da aka ɓoye, za a ajiye shi kusa da nata, manya su karanta duka biyun su yi mata tambaya. Ni me na sani? Na shimfiɗa masu tabarma.

Na gaya masu yadda ka ɗauko fasinja daga ɓangaren Nijar, yadda ka wuce shingen ba ka ji an ce ka tsaya ba, yadda 'yan kabu-kabu 'yan'uwanka suka kawo mani kai cikin zanen wata mai fura. Baƙuwar har hawaye ta yi. Sai ta matso da ɗan abin ɗaukar murya kusa da bakina, ta ce in faɗi sunanka.

Ɗana, ka san ni. Kai ne ɗan fari. Tun ranar da aka raɗa maka suna bakina bai taɓa kama shi ba. Kai nan, wannan yaro, da haka na yi ta kiranka har ka yi gemu. Ko mai suna irin naka aka aiko gidan nan, sai dai in ce mashi mai sunan wane. Na ce a kira maƙwabta su faɗa. Ta ce a'a, daga bakin uwa ya fi ƙarfi, sunan nan za a karanta shi gaban manyan duniya, ba wanda zai sake cewa ba a yi kai ba.

Na faɗa. Gaban baƙon namiji, gaban matan unguwa da suka cika ƙofa, na buɗe baki na faɗa. Wasu suka sunkuyar da kai, kunyata ta kama su.

Shekaranjiya matar ta bugo wayar Malama, ta ce an gama rahoto an kai. Na ce a karanto mani wurinka. Wai wani matashi mai babur, a wata iyaka ta arewa, an ce an harbe shi. Shi ke nan. An ce! Ni da na ga ramin harsashin a bayanka? Wai babu takardar asibiti, don mun yi maka sutura kafin la'asar. To in ajiye ka cikin zafin nan ina jiran takarda? Sunan kuma wai sun cire don su kare ni, muryar ma sun goge.

Wace kariya? Da rana tsaka suka tsayar da farar mota ƙofar gidana, duk Jibiya ta gani. Satin da ya wuce ɗaya daga cikin masu kakin ya tsaya wurin ƙosaina, bai sayi komai ba, ya gaishe ni da ladabi, ya ce ya ji na yi baƙi daga birni. Tun ranar ban sake ɗora kasko ba. Su suna can, rahotonsu ya yi kyau. Ni aka bari da unguwa, kai kuma aka mai da kai wani matashi.

Matar ta ce in lokacin rahoto na gaba ya zo za su dawo. Su dawo su tarar da kwaɗo a ƙofa. Kawunka na Gangara ya aiko in koma wurinshi, gobe in Allah ya kai mu zan tafi. Kabarinka ne kawai ke ja mani ƙafa.

Akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Da na faɗi sunan nan, daɗi na ji a bakina, ɗana. Ashe haka yake da sauƙi. Ashe da na kira ka da shi kana tsakar gida kana gyaran babur, da ka ɗago kai ka amsa. Ranar nan ka ji ni kuwa? In Turawa ba su ji ba, kai ka ji?

Ka huta lafiya. Allah ya sada mu inda zan kira ka amsa.

Ni ce uwarka, ta bakin Malama Rabi, daga Jibiya.