Ranar da Ba a Kaɗa Taken Jatau Ba

Lahadi, 8 ga Jimada Awwal, 1345. Gusau.

An sake kashe Baba a dambe. Wannan karon a Tsafe, wani saurayi wai shi Mas'udu ya kai shi ƙasa tun turmin farko. A zauren alƙali na ji, ina tsakiyar rubutu. Wani mai kawo ƙara ne yake ba dogari labari yana ƙyaƙyata dariya, bai san ɗan Jatau ne zaune da alƙalami ba. Malaman da ke gefena sun sani. Babu wanda ya ɗaga kai, wannan ya fi yi mini ciwo. Na ɗiga tawada a takardar mutane.

Talata, 10 ga wata.

Mutumin da gemunsa ya yi fari fat! Me yake nema? In suna ne ai yana da shi, da hannunsa ake tsorata yara daga Bungudu har Magami. Yanzu ga shi yana yanka sunan gunduwa-gunduwa yana rabarwa, kamar naman da kasuwa ta tashi ta bari. Bara ma haka aka yi. Allah ya yafe mini, yau na so a ce ubana manomi ne da ba wanda ya san shi.

Juma'a, 13 ga wata. Bungudu.

Na zo gida. Na sami Baba a rumfar fawa, ido ɗaya a kumbure, mutane sun cika bakin rumfa suna tsokanarsa, shi kuwa har da tafa hannu. Ni kaɗai nake jin kunya a wurin.

Da aka watse na yi masa magana, murya ƙasa-ƙasa. Ba ya kiran sunana tunda ni ne ɗan fari, sai dai ya ce Malam, rabi girmamawa rabi ba'a. Ya ce, "Malam, in anka kaɗa takena, zamnawa ni kai? Hannu ne ya tsuhwa, kunne bai tsuhwa ba."

Kunne. To, na gane inda ciwon yake.

Asabar, 14 ga wata.

Na je wurin Tambaya, makaɗin kalangun da ke bin Baba tun ba a haife ni ba. Na roƙe shi ya daina kaɗa taken. Ɗan dambe ba ya shiga fage sai ganga ta kira shi. In ba a kira ba, ya zauna da mutuncinsa, shi ke nan.

"Shi ya aiko ka?" Ban ce i ba, ban ce a'a ba. Sai ya ce ɗan Jatau ba zai roƙi abu ya hana shi ba. Na fito ina ganin kaina mai dabara.

Alhamis, 26 ga wata. Bungudu.

Damben kaka a garinmu. Na tsaya can baya, na ja rawani.

Baba ya zo bayan la'asar, hannu a ɗaure, layu a damtse, ya zauna inda ya saba. Tambaya ya kaɗa taken wannan, ya kaɗa na wancan, har na samarin da jiya-jiya suka fara naɗa zare. Duk sanda kiɗa ya sauya sai in ga Baba ya ɗan sunkuyo gaba, ya kafa ƙafa. Sai ya koma. Ya sake sunkuyowa, ya sake komawa. Har rana ta faɗi.

Wani a gabana ya ce, "Tsohon can wa shika jira?" Abokinsa ya ce wai Jatau ne, ashe makaɗinsa ma ya yar da shi.

Tambaya ne ke kwance masa hannu kullum. Yau da haƙori ya kwance abinsa a zaure. Inna ta ajiye tuwo, ta ɗauke tuwo.

Juma'a, 27 ga wata.

Na dawo Gusau. Ta bakin Inna na yi masa sallama.

Laraba, 9 ga Jimada Akhir.

Inna ta aiko: Baba ba ya zuwa rumfa. A da in an kashe shi, washegari da sassafe yake fita da kumburinsa. Yanzu babu kumburi, babu mai zuwa tsokana, shi ma ba ya fita. Ina ta gaya wa kaina na tsare masa suna. Zuciyata ba ta karɓa.

Asabar, 12 ga wata.

Tambaya ya shigo gari tare da mahautan da suka kawo shanu. Ya ƙi shiga zaure, sai a gindin tsamiya muka tsaya. Ya ce in yi masa kirarin Baba. Na duba hagu da dama tukuna, kaico da ni, sannan na yi. Ashe ban manta ko kalma ba. Da na zo kan "makashin Jibo na Magami" ya tsayar da ni. Wane ne Jibo? Na ce babban shago, wanda ba a taɓa yin kamarsa ba.

Ya yi dariya. "Ranar da ubanka ya kashe shi ba haƙori bakinai. Kahin nan yara sun sha kai shi ƙasa. Wa ya taɓa ba ka wanga labari?"

Babu. Ni dai na tashi na ji Jibo dodo ne.

Ya ce yanzu Mas'udu duk fagen da ya shiga sai ya daki ƙirji ya ce shi ne makashin Jatau. "Shina kai sunan ubanka inda ƙahwar ubanka ba ta zuwa. Ƙasa ba ta cin suna, Malam, shiru ka ci nai."

Na ba shi goro, ya ƙi.

Talata, 15 ga wata. Bungudu.

Na gaya wa Baba ni na hana a kaɗa takensa. A tsugune, ina kallon ƙafarsa. Na so ya zage ni, ko ya kai mini hannun nan sau ɗaya in huta.

Can ya ce akwai damben rufe kaka a Tsafe. Sannan: "Malam, ka iya ɗaurin hannu?"

Ban iya ba. Ya ce hanya da nisa, zan koya.

Litinin, 28 ga wata. Gusau.

Mun je, mun dawo. Tambaya ya kaɗa taken Jatau. Ban taɓa jin fage ya ɗauki ihu haka ba, har tsofaffi suka miƙe. Mas'udu ya kai Baba ƙasa, ya kuma durƙusa ya ɗaga shi da hannu biyu. Baba ya tofar da jini yana dariya.

Ba wai na yarda ba ne. Har yanzu ina ganin ya kamata ya bari, kuma zan sake faɗa masa, wata rana.

Yau a zaure wani ya kawo labarin, wai an kashe tsohon Bungudu a turmin farko. Ban san sanda na ajiye alƙalami ba. Na ce masa turmi na biyu ne, kuma sunansa Jatau. Ya ce ina na sani? Malamai duk suka ɗaga kai.

Na ce ni na ɗaura masa hannu.