Karan Dawa a Jikin Ƙwaryar Kaka

Zuwa ga Gwaggona Uwani, a Fatakwal.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gwaggo, kafin komai ina roƙon ki yafe mini wannan karambani. Ni ce Muhsina, 'yar ƙaninki Mahmudu, wadda in Baba ya miƙo mata waya don ta gaishe ki ba ta iya wuce lafiya lau. Na san ba girmana ba ne in sa baki a maganar da manya suka yanke. Na ɗauki biro na ajiye, na sake ɗauka na ajiye, sai da Umma ta ce ko dai in rubuta ko in ba ƙanena Mujitaba abinsa ya tafi makaranta. In kin ga kuskure a ciki, ki ɗauke shi a kan ƙuruciya.

Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da su Yaya Mansura. Allah Ya ƙara sauƙin ciwon ƙafar nan, Ya sa kaffara ne. Mu nan Bebeji duk lafiya, sai godiya. An gama shigar da dawa, tumatirin Baba na bakin ruwa ya nuna sosai bana, shi ne ma aka loda wa Zailani direba. Mujitaba ya yi famfara, yana ta ɓoye baki. Ni kuma na shiga aji biyu na babbar sakandare.

Gwaggo, na san kin buɗe kwalin nan kina sa ran ganin ƙwaryar Kaka Kande, Allah Ya jiƙanta, ba ki gan ta ba. Don Allah kada ki ga laifin Zailani, abin da aka ba shi ya kawo. Ƙwaryar tana nan lafiya, ba abin da ya same ta. Tun ranar da kika yi waya kika ce a aiko miki da ita, Baba ya ce taki ce, a rabonki ta faɗo, ba mai cewa uffan. Ni aka sa in naɗe ta, na kuwa naɗe ta. Abin da ya biyo baya ne nake so in ba ki labari, sannan ki yanke abin da kika ga dama.

Kin fi ni sanin ƙwaryar nan, amma ki bar ni in faɗa miki yadda na tashi na gan ta. Ta yi ja saboda tsufa, tana sheƙi kamar an shafa mata man shanu. Daga baki an kewaye ta da layuka siri-siri da aka ƙona da wuƙa mai zafi, a ƙasansu jerin zabi suna kiwo. Sai kuma ɗinkin nan da ya taso tun daga gindi har baki. Kaka takan ce ranar da aka tashe su daga tsohon gari saboda ruwan Tiga, tana goye da ke tana miƙa kaya cikin mota, sai ƙwaryar ta suɓuce ta dare. Mutane suka ce ta bar ta nan ruwa ya ci, ta ce ruwa ya ci gida ya ci gona, wannan kam ba zai ɗanɗana ba. Da aka sauka a sabon wuri ta kai wa mai gyartai ya ɗinke. Ɗinkin ya fito baro-baro kamar tabo, sai ta sa wuƙarta a wuta ta yi masa ganye dama da hagu, ta mai da kowane ƙulli gaɓa, ta ɗora masa zangarniya a can bakin ƙwarya tana sunkuyawa ciki. Tsagar ta zama karan dawa. Ni dai tun ina ƙarama ina ganinta a ragaya a ɗakin Kaka, ban ɗauke ta komai ba sai tsohuwar ƙwaryar da aka hana mu shan fura a ciki.

Abin da wataƙila ba ki sani ba, tunda kin daɗe da barin gida, shi ne ƙwaryar nan tana da masu zuwa gaishe ta. Iya Saude ta bayan masallaci, mai zanen ƙore, ba ta hura wutar aikinta da safe sai ta shigo ta sauke ta, ta bi karan da babban yatsa tun daga gindi har zangarniya, sannan ta mayar ta tafi. Malam Shitu mai ɗinkin hula, in zai fara sabuwar hula, sai ya yi sallama a zaure a kai masa ita, ya juya ta a hannu ya yi ta kallo. Ramla mai lalle ma takan leƙo in tana da amarya. Kaka ba ta taɓa hana kowa ba, amma tana da doka: ƙwarya ba ta wuce zaure, ba a ɗora mata takarda a kwafa, ba a ɗauke ta a waya. Takan ce mutum ya kalla da idonsa ya tafi, abin da ya zauna masa nata ne, abin da ya manta ya cike da kansa, wannan shi ne nasa. Ranar da Ramla ta zaro waya, Kaka ta tambaye ta ko wayar ce za ta yi wa amaryar ƙunshi, in haka ne a kira ta a ba ta tukuici. Shi kuwa Malam Shitu, cewa Kaka take yi mijin ƙwarya ya zo zance, a fito masa da amaryarsa. Shi kuma ya aiko da amsa cewa ya ga amarya sai ƙara kyau take, uwar amarya ce dai take ta tsufa. Bayan rasuwar Kaka ba su daina zuwa ba, dokar ma ba wanda ya karya, ko da yake babu mai tsare ta.

Da na naɗe ƙwaryar a tsohon zane na sa a kwali, washegari da safe Iya Saude ta shigo kamar kullum. Ina shara na ga ta ɗaga labule ta miƙa hannu sama, sai ta tarar da ragaya wayam. Ta tsaya da hannun a sama. Umma ta gaya mata ai mai ita ta aiko. Iya Saude ta ce madalla, ɗiya ai ta fi kowa cancanta, Allah Ya kai ta lafiya. Ta zauna suka gaisa, ta tambayi kuɗin barkono, ta tashi ta fita. Ba ta roƙi komai ba. Amma ran nan ban ga hayaƙi ya tashi daga rumfarta ba, kashegari ma haka. Da Umma ta aike ni kai mata tuwo, na same ta zaune cikin fararen ƙore, wuƙaƙe a jere, murhu a sanyaye. Na tambaye ta ko jiki ne, ta yi dariya ta ce jiki garau, hannun ne ya saba a gaishe shi kafin ya fita aiki, yanzu yana fushi. Ta ce zai huce, in daina zare mata ido kamar mujiya.

Ranar kasuwa aka aike ni sayo daddawa, kuma Gwaggo, ban san yadda zan kwatanta miki abin da ya same ni ba. Wataƙila don na wuni riƙe da ƙwaryar nan lokacin da nake naɗe ta, sai idona ya buɗe. Ina tsaye gaban mai daddawa na ɗaga kai, sai ga karan Kaka a hular wani dattijo da ban taɓa gani ba, an yi shi da zare shuɗi, gaɓa-gaɓa. Na juya, wata mata ta miƙa hannu karɓar canji, ga shi ya bi bayan hannunta da jan lalle, zangarniyar ta kwanta a kan yatsa. Na wuce wajen 'yan nono, ga shi a jikin ƙoren Fulani, ba ɗaya ba, ba biyu ba. Har a ƙofar wata motar Kano na gan shi da koren fenti, ban kuma san wanda ya zana ba, ban san a hular wa ko a hannun wa ya gani ba. Babu guda biyu da suka zo ɗaya. Na wani ya miƙe sambal, na wani ya lanƙwasa kamar iska ta kaɗa shi, na wani ganyen ya fi karan yawa. Amma duk suna da ƙullin nan na mai gyartai, ko da masu su ba su san ɗinki ba ne. Na tsaya tsakiyar kasuwa, har wani mai babur ya ce 'yammata in ba sayar da hanyar aka yi mini ba in matsa. Na dawo gida ba daddawa. Malamin zanenmu ya taɓa gaya mana cewa masu zane a manyan birane sukan je gidan adana kayan tarihi su zauna gaban aikin magabata kafin su taɓa nasu. Na rubuta a jarrabawa na ci, ban san a irin wannan gida nake kwana ba.

Da na dawo na roƙi Umma ta bar ni in kwance ƙwaryar, ko da sau ɗaya, Iya Saude ta yi bankwana da ita. Ta zo ta karɓa da hannu biyu ta fita da ita hasken tsakar gida. Ta bi karan da yatsa kamar kullum, sai na ga ta tsaya cak, ta kira ni da ƙarfi. Ta nuna mini cewa a jerin zabin nan da duk suka sunkuya suna kiwo, wadda ke dab da ɗinkin ta ɗaga kai tana kallon zangarniya. Ta rantse tun tana amarya take kallon ƙwaryar nan ba ta taɓa lura ba. Ta ce Kande muguwa ce, ta tafi ta bar ta da aikin da ba zai ƙare ba. Tana dariya tana share ido da bakin mayafi. Kafin la'asar hayaƙi ya tashi a rumfarta.

Ban taɓa tarar Baba da magana ba sai ran nan. Na durƙusa na faɗa masa duk abin da na gani. Ya ce shi ba zai buɗe baki ya roƙi yayarsa abin da Allah Ya ba ta ba, amma in ina da ƙarfin halin rubuta miki da hannuna, zai riƙe ƙwaryar har Zailani ya sake yin lodi. Ya ce duk abin da kika faɗa bayan nan, shi ke nan.

Abubuwan da ke cikin kwalin nan ba ni na nema ba, da labari ya bazu ne suka iso. Ƙaramar ƙwaryar ta Iya Saude ce, ita ta fara yi bayan ta sake hura wuta, za ki ga zabuwar da ta ɗaga kai. Hular daga Malam Shitu ce, ya ce a ba Alhaji, a kuma gaya masa mijin ƙwarya yana gaisuwa. Takardar da ke naɗe a ƙasa tawa ce. Na bi dokar Kaka, na kalla na koma ɗaki na zana da fensir. Na san ganyen ya yi kama da na masara, gaɓoɓin kuma sun ƙi zama. Iya Saude ta duba ta ce ba laifi, in na yi shekara goma ina kallo zan fara gani. Ban taɓa gaya wa kowa ina son zane ba, ke ce ta farko da na rubuta wa.

Gwaggo, ban manta ba cewa ke ce a bayan Kaka ranar da ƙwaryar ta faɗi, kuma kina can nesa ba ki da abin da hannunta ya taɓa. Mu muna da ɗakinta da kabarinta, ke sai waya. In na tuna wannan sai in ji kunyar abin da zan roƙa. Amma ga shi: ina roƙon ki bar ƙwaryar a ragayarta, tana taki, mu masu tsaro ne kawai, duk ranar da kika zo gida ki same ta. In kuwa zuciyarki ba ta natsu ba sai tana kusa da ke, wallahi ba wanda zai ga laifinki. Ni da kaina zan sake naɗe ta, in sa mata auduga ta gefen ɗinkin, don nan ne ba ta son girgiza. Sai dai in roƙe ki kada a sa ta cikin gilashi a kulle. Ki rataye ta inda hannu zai kai, in wani ya tsaya yana kallo a bar shi ya kalla.

Baba da Umma suna gaishe ki da kyau. Mujitaba ya ce a gaya miki haƙorin na nan fitowa. Iya Saude ta ce a gaida Uwani mai kukan mota, wai kin san zancen. Ki gaishe mini da Alhaji, da Yaya Mansura da maigidanta, da Yaya Mustapha, da ɗan jaririn da ba mu gani ba tukuna, Allah Ya raya shi.

Kafin amsarki ta zo, na mai da ƙwaryar ragaya, kwalinta kuma na ajiye a ƙarƙashin gado ban yar ba. Kullum kafin in tafi makaranta nakan sauke ta in duba. Ko ta zauna ko ta tafi, Gwaggo, in kin yarda, ina neman izinin in sake rubuto miki, in sako wani zanen a ciki, ki gaya mini ko karan ya fara kama da na mahaifiyarki.

'Yarki mai biyayya,
Muhsina Mahmudu