Gajeren Noti

Zuwa ga maigidana, abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, yaya jiki, yaya ƙafar, yaya ciwon kan nan? Allah Ya ƙara sauƙi, Ya sa kaffara ce. Ka gaishe min da Hajiya mahaifiyarka, Allah Ya ba ta ladan jinya. Mu nan lafiya lau, yara sun koma makaranta, ni ma na buɗe shago jiya. Tunda likita ya hana ka waya saboda buguwar kai, ga ni na koma biro da takarda kamar lokacin da kake nema na, sai ka yi haƙuri da rubutun tela.

Na karanta 'yar takardar da ka ba direban da ke kai mana saƙo, kuma wallahi raina ya ɓaci. Ka ce ba ka tuna komai tun daga fitarka gida har farkawarka a gadon asibiti, don haka wataƙila gaskiya mutane ke faɗi, gangancinka ne ya ja maka. Kai ɗin? Mutumin da 'yan ƙungiyar masu babur suka laƙaba wa Sannu-Sannu? Shekara tara kana koyar da tuƙin babur mai gudu a makarantar ƙungiya, ko gwiwa ba ka taɓa gurzawa ba. Ni da kake goyawa har zungurinka nake yi in ce ka ƙara wuta, kada keke ya wuce mu a yi mana dariya. Kada ka ƙara rubuto min irin wannan magana.

Na bi diddigin zancen, kuma daga baki ɗaya ya fito. Bakanikenka ne, wanda ya sa wa kansa suna Injiniya ba tare da kowa ya ba shi ba. Shi ke bi gareji-gareji yana cewa da idonsa ya gan ka kana ɗaga tayar gaba a babban titi. Shugaban ƙungiya ya zo yi min jaje, yana ta kame-kame, daga ƙarshe ya ce za a zauna ƙarshen wata. Idan maganar ta tabbata, ba za su bar malamin da ke wasa a titi ya ci gaba da koyar da 'ya'yan mutane ba. Na ce masa to, na raka shi ƙofa, na dawo na yi kuka na gode Allah.

Ga abin da ya tsaya min a rai. Sau uku ke nan Injiniya yana zuwa, wai in ba shi gawar babur ɗin ya tafi da ita ya gyara maka don zumunci. Yaushe ya zama mutumin kirki haka, shi da ko iska ba ya sa maka a taya sai da mita? Sai na tuna watan da ka dame ni da takardar tallan ƙirar bana, kana nuna min sabuwar fitila da sabon allon mita da ƙaton birkin gaba, kamar ni na san kansu. Na tuna shi ya zuga ka, ya ce ba sai ka canza babur ba, birkin bana zai zauna daram a tsohuwar ƙirarka. Ranar Laraba ya ɗaura maka, ranar Juma'a aka tsince ka a gefen titi.

Na ce masa babur yana nan har mai shi ya dawo. Na lulluɓe shi da tamfol a bayan ɗakin girki, na ɗaure shi da sarƙa da kwaɗo. Ka ci abinci, ka daina yi wa Hajiya gardamar magani.

Taka har kullum,
Barkonon da ka sani

Maigidana,

Sallama da gaisuwa irin ta mai kewa. Yaya ƙarfin jiki? Hajiya ta aiko min cewa an sa ƙarafuna a ƙafar, kuma likita ya ce gwiwar ba za ta ƙara lanƙwasuwa ba. Na san abin da wannan ke nufi gare ka, ba sai an faɗa min ba. Ranar da na ji, hannun riga biyu na ɗinka a gefe ɗaya, sai da mai rigar ta zo ta nuna min. Allah Ya ba mu ikon cin wannan jarrabawa.

Yanzu ka gyara zama ka karanta a hankali. Na aika wa Kawu, ƙanen Innata, wanda ya yi shekara arba'in yana kanikanci kafin idonsa ya raunana. Ya zo ya tsuguna gaban babur ɗin, ya bi shi da yatsu kamar mai duba jariri. Kan birki, wato ƙarfen nan da ke cije faifan taya, ya same shi yana reto a jikin tiyo. Noti biyu ke riƙe shi. Ɗaya ya fice ya ɓata, ɗayan yana maƙale, an jera masa washa uku, 'yan zobban ƙarfen nan, don a cike gurbi. Kawu ya ce da waɗannan washa, zare uku kacal notin ya kama a cikin ramin. Ya ce kana taka birki da ƙarfi ƙarfen ya zare ya faɗa cikin taya, tayar ta ƙame, babur ya ɗaga baya ya jefar da kai. Ko wa ke kai sai ya faɗi.

Ya tambaye ni kwalin da birkin ya zo a ciki. Allah Ya yi maka albarka da wannan hali naka na tara kwalaye a kan wadurof, da nake yi maka faɗa a kai. A ciki na sami ɗan littafin kamfani, na karanta wa Kawu da ɗan karatuna. Sun rubuta ƙarara cewa kujera da fitila da salansar bana za su shiga tsohuwar ƙira ba matsala. Amma birkin gaba an ƙara wa faifansa faɗi, ba ya zama a tsohon babur sai an sa wani farantin haɗi da dogayen notoci masu inci biyu. Na ɗauko tef ɗina na auna wanda ya sa maka. Inci ɗaya da kwata ne, tsohon notinka ya mayar.

Da a nan abin ya tsaya, da na ce jahilci ne, in bar shi da Allah. To shekaranjiya sai ga shi a shago, zuwa na huɗu, da fara'arsa da ledar lemo. Ya kafe babur ɗinsa a bakin ƙofa, kuma ka san ƙirarku ɗaya, shi ma ya sa birkin bana. Na ba shi kujera, na ɗauki tsintsiya kamar zan share ƙofa, na duƙa gaban tayarsa. Maigida, ga farantin nan baƙi, bai kai tafin hannu ba, zaune tsakanin ƙafar babur da kan birki, irin wanda aka zana a littafin sak. Ya san da shi. Ya sa wa kansa, kai kuma ya cusa maka washa, ya sallame ka ka hau titi.

Ban san yadda aka yi na miƙe ba. Na koma ciki na ba shi ruwan sanyi da hannuna, har da yi masa godiyar lemo. Almakashina yana kan tebur tsakanina da shi, sai da na tura shi cikin aljihun keken ɗinki don kada Shaiɗan ya yi min huɗuba. Na rantse maka, yadda ya yi yawo da sunanka a bakin duniya, haka zan sa a yi yawo da nasa.

Ka gaida Hajiya, kada ka karanta mata wannan.

Matarka,
Barkono

Maigidana,

Ina gaisuwa, ina yi maka ya jiki. Na ga amsarka, kuma dama na san abin da za ka ce: in bar wa Allah, in tuna mutumin yana da iyali. Ai ga Allah na bar shi, Shi ne Ya nuna min farantin. Iyali kuwa kai ma kana da su, kuma bai tuna da mu ba.

Mun yi faɗa da Kawu. Ashe bayan kai, mutum bakwai Injiniya ya ɗaura wa birkin nan, suna nan suna yawo da shi. Kawu ya ce a ranar za a sanar da su. Ni kuma na ce in aka sanar, zance zai kai kunnen munafukin, ya cire farantinsa ya ce bai taɓa ganin irinsa ba. Zan faɗa maka gaskiya ko da za ka ga baƙina: na fi awa ɗaya ina jin gara a yi shiru har ranar zama, kome zai faru ya faru. Kawu ya kira ni da sunan da rabona da jin sa tun ina yarinya, ya ce in ji tsoron Allah. Na ji kunya, na yi istigfari.

Daga ƙarshe mun je wurin Shugaba tare, na nuna masa notin da littafin. Ya aika wa kowa cewa kada mai tsohuwar ƙira ya ƙara hawa babur sai bayan taron gaggawa ranar Asabar, bai faɗi dalili ba. Ya kuma roƙi Injiniya ya zo da nasa ya yi wa jama'a bayanin sabon birki, tunda shi ne gwani. An ce har sabuwar riga ya kai guga.

Ka yi min addu'a, ko ba ka yarda da ni ba.

Taka,
Barkono

Zuwa ga maigidana, Malam Sannu-Sannu,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan ta same ka cikin sauƙi, kai da Hajiya. Yara suna gaishe ka, Kawu ma haka. Yau da zuciya mai sanyi nake rubutu.

An yi taron a filin makarantarku, ƙarƙashin rumfar da kake tara ɗalibai. Mutum ya fi arba'in, bakwai ɗin nan sun kawo baburansu a bayan mota. Injiniya ya iso a kan nasa yana murza wuta, ya tsaya a tsakiya ya shiga zuba. Ya ce kamfanoni ƙarya suke yi don a sayi sabon babur, shi da basirarsa ya gano birkin bana na shiga kowace ƙira. Wani ya tambaye shi hatsarinka, ya girgiza kai kamar mai tausayi, ya ce kowa ya san tsautsayi, amma wasa a titi ba shi da kyau. Na bar shi ya kai aya, sannan na tashi daga bayan mota inda nake zaune da Kawu.

Na gaida jama'a, na ce ni tela ce, ban san inji ba, awo kawai na sani. Na roƙi Shugaba a kwance noti ɗaya daga birkin kowane babur a ajiye a kan tebur. Aka kwance na mutum bakwai, na ajiye naka, na auna su ɗaya-ɗaya ina faɗa da ƙarfi: inci ɗaya da kwata. Sai na ce saura na gwani. Ya ce sifanarsa ba ta kusa. Sifana biyar aka miƙo masa a lokaci guda. Da ya tsaya yana shafa aljihu, Kawu ya tsuguna ya kwance da kansa, ya ɗaga farantin sama kowa ya gani. Notin gwanin inci biyu cif.

Kowa ya juyo kan Injiniya. Ya fara cewa faranti ɗaya tak ya samu, sauran suna hanya, kuma washa ma tana riƙewa, ba wani bambanci. Abin da nake jira ke nan. Na ɗebi notoci biyu gajeru da washa shida na zuba masa a tafin hannu.

Na ce, “Tunda ba bambanci, ɗaura waɗannan a naka. Ka hau ka je ƙofar can da gudu, ka taka birki mu gani.”

Ya dubi ƙofar, ya dubi hannunsa. Gumi ya jiƙa sabuwar rigar har gadon baya. Shugaba ya maimaita masa maganata, ya ce jama'a na jira.

Injiniya ya ce, “Ina da 'ya'ya.”

Ɗaya daga cikin bakwai ɗin, wanda ya goya matarsa mai ciki a kan babur ɗin makon jiya, sai da mutum uku suka riƙe shi. Shugaba ya sa Injiniya ya faɗa da bakinsa a gaban kowa cewa bai gan ka kana ɗaga taya ba, ranar ma yana gareji bai fita ba. An cire shi daga ƙungiya, an kai maganar ga hukuma, kuma kafin la'asar masu babura sun kwashe kayansu daga garejinsa. Na bi ta ƙofar da gangan, na gan shi zaune shi kaɗai a kan benci. Ba zan yi maka ƙarya ba, daɗi na ji har cikin ƙashina, kuma har yanzu ban yi nadama ba.

Shugaba ya ce in gaya maka kujerarka tana nan. Ko ba ka ƙara hawa babur ba, kai za ka riƙa koyarwa a aji, kai za ka riƙa cewa wane ya iya, wane bai iya ba. Don haka ka cire wa ranka wancan tunani. Ba faɗuwa ka yi ba, maigida, kayar da kai aka yi.

Saura magana ɗaya. Injiniya ya aiko yayansa yana roƙon a bar shi ya zo asibiti neman gafara, kuma na ce ya je, direba zai kawo shi ranar Talata. Na san halinka, kafin ya gama sallama ka ce ka yafe, har ka tambaye shi ko ya ci abinci. Yafiyar taka ce, ba zan hana ka ba, tawa kuma ina riƙe da abata. Abu ɗaya nake roƙonka saboda ni da yaran nan. Idan ya shigo, kada ka ja mayafi ka rufe ƙafar don ka sauƙaƙa masa. Ka bar ta a buɗe, ka sa Hajiya ta ajiye masa kujera a daidai wurin, ya zauna ya kalle ta har lokacin ziyara ya ƙare.

Allah Ya tashi kafaɗunka, Ya dawo mana da kai gida. Ka huta lafiya.

Matarka mai ƙaunarka,
Barkono