Katin Nafisa Ya Fi Ta Ganin Likita

Zuwa ga mai girma Shugaban Sashen Kula da Yara na asibitin da muke karɓar magani a Birnin Kebbi.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman afuwa, domin ni ɗaliba ce, ko a aji ban cika ɗaga hannu ba. Lamarin ƙanwata Nafisa ne ya sa na ɗauki biro.

Nafisa tana da farfaɗiya. Tun da likitanku ya ɗora ta a kan magani ba ta sake faɗuwa ba, kuma ba mu manta wannan alheri ba. Sai dai ga abin da ya biyo baya.

Na farko, gidanmu yana Argungu. Idan magani ya kusa ƙarewa, musamman lokacin yankan shinkafa, Baba yakan ba wani direba katinta ya kawo. A tagar ba da magani a duba kati, a zuba ƙwayoyi a farar leda, a ja layi ɗaya na safe, ɗaya na yamma. Shekara biyu ana haka, ba wanda ya ce a zo da yarinyar.

Na biyu, mu ma mun yi kuskure. Nafisa ta daina tsalle-tsalle, muka ce ta natsu. Fuskarta ta cika, Inna ta ce magani ya karɓe ta. Tana lulluɓa da zani cikin zafin bazara, kakarmu ta haɗa mata jiƙon sanyi. Wandonta na makaranta bai taɓa ɗage mata ba, muna yaba mata iya adana kaya, ashe tsawo ne ba ta ƙarawa.

Da ta zo hutu Gwadangaji, inda nake zaune wurin goggona, maƙwabciyarmu Anti Rahila, ma'aikaciyar jinya, ta dube ta, ta matsa a gwada jininta. Da aka gwada ne muka ji cewa akwai wata halitta a gaban wuya, wadda in ta kumbura ake cewa maƙoƙo, ita ke taimakon yaro wajen girma da kuzari, kuma wasu magungunan farfaɗiya kan rage mata aiki. Ta Nafisa ta yi rauni.

Ranar da Inna ta ji haka, ta ɓoye ledar ta ce an gama sha. Wannan ya fi komai tsorata ni, domin Nafisa na bin ƙawayenta wanki bakin gulbi, in ciwon ya tashi a can za ta iya faɗawa ruwa. Sai da likita ya zaunar da Inna ya bayyana mata haɗarin dainawa, ya ƙara wani ƙaramin magani saboda halittar wuyan, sannan ta yarda.

Roƙona kaɗan ne, ranka ya daɗe. Kada a riƙa sabunta magani da kati kaɗai har abin ya yi nisa. A riƙa auna tsawon yaran da nauyinsu, a gwada jininsu idan likita ya ga dalili. A kuma gaya wa iyaye da Hausa alamun da za su lura da su, tun ranar farko, tare da gargaɗin kada su tsayar da magani da kansu.

A makon jiya Inna ta warware kalmasar wandon Nafisa, domin ya fara ɗage mata. Muna ta dariya, Inna kuma tana share hawaye.

Allah Ya ƙara muku lafiya da haƙurin aiki, Ya sa albarka a hannuwanku.

Wassalam.
'Yarku, yayar Nafisa.